Ajin da ke riƙe da bayanai: ƙa'idojin rubuta shi da wuraren da suke cizo

Duk wanda ya taɓa leƙa littafin magatakardan ƙungiyar 'yan albasa a Marwa, ko na dillalan hatsi a Garwa, ya san yadda shafin yake: sunan mai kaya, buhu nawa ya kawo, nawa aka yi ciniki, ranar da aka loda mota zuwa Kusiri, da ko an biya ko ana bin bashi. Ranar da aka ce a mayar da wannan littafi manhaja, abu na farko da mai rubuta kod zai yi shi ne ya ƙera aji mai ɗaukar layi ɗaya na shafin. Aji a nan kamar akwatin buga bulo yake. Kowane bulo da ya fito daga cikinsa shi ake kira abu, ramukan da ke riƙe da suna da adadi da farashi kuma su ne gurabe. Ayyukan da ajin ya iya yi, waɗanda suka yi karatu da Faransanci a jami'o'in Marwa da Ngaundare metod suke ce musu, mu ma haka za mu ce.

Irin wannan aji shi ya fi sauƙin rubutawa a duk manhajar, shi ya sa ake miƙa wa sabon shiga. Kuma kuskurensa shi ya fi daɗewa bai fito fili ba. Dalilin shi ne ba mai shi kaɗai ke karanta shi ba. Akwai laburare, wato kod ɗin da wasu suka rubuta ake ara, da zai mayar da shi JSON, tsarin rubutun da ake aika bayanai da shi, ya tura wa waya, akwai wanda zai zuba shi a rumbun bayanai, akwai HashMap, wani ajin adana abubuwa na harshen Java, da zai ajiye shi a ƙwaƙwalwa, akwai kuma wanda zai gaji aikin bayan shekara biyu. Babu ɗayansu da zai kira ka ya tambayi nufinka. Sunayen da ka raɗa da siffar da ka ba ajin kawai za su duba su yanke hukunci. Ƙa'idojin da za a yi magana a kansu duk yarjejeniya ce da waɗannan baƙin.

Asalin get da set

Tsohuwar yarjejeniyar da har yau ake bi ita ce JavaBeans, wadda kamfanin Sun Microsystems ya fitar, ta shigo tare da JDK 1.1, wato kayan aikin rubuta Java, a 1997. Sharuɗɗanta kaɗan ne: ajin ya kasance da magini, wato kod ɗin da ke ƙera sabon abu daga ajin, na fili wanda ba ya karɓar komai, gurabensa a ɓoye, kowane gurbi yana da metod mai ɗauko shi da ya fara da get da mai sauya shi da ya fara da set, sannan ajin ya yarda a naɗe shi a ajiye ta hanyar Serializable. An yi wannan ne domin manhajojin zana fuskar allo. Mai zane ya jawo maɓalli da linzami ya ajiye, manhajar ta ƙirƙiri abin babu komai a cikinsa, ta leƙa sunayen metod ɗinsa, ta jera su a gefe domin a cike launi da faɗi da rubutu. Wato magini maras komai da set na kowane gurbi buƙatar wancan aiki ce. Daga baya laburare masu yawa suka ari tsarin, har ya zama ana koyar da shi kamar farilla. A shekarar 2000 Martin Fowler da Rebecca Parsons da Josh MacKenzie suka ƙirƙiro laƙabin POJO domin tuna wa mutane cewa aji na Java zalla, wanda bai rataya a wuyan wani babban tsari ba, shi ma abin yi ne.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a idon waɗannan laburare sunan metod ne ke ba da sunan bayanin, sunan gurbin da ke ɓoye bai dame su ba. Daga getFarashi ake cire get, a ƙanƙantar da harafin farko, a sami farashi. Amma dokar tana da togaciya: idan haruffa biyun farko duk manya ne, java.beans, sashen Java mai karanta waɗannan sunaye, ba ya taɓa su, don haka getURL yakan ba da URL. Yanzu a ce wani ya raɗa wa gurbi nBuhu, wato adadin buhu, ya rubuta getNBuhu. A wurin java.beans sunan NBuhu ne. Jackson na 2, laburaren mayar da abu JSON, a saitinsa na asali, yana ƙanƙantar da duk manyan haruffan da ke gaba, sai ya fitar da nbuhu. Gson kuwa, wani laburaren JSON ɗin, gurbin kansa yake dubawa, sai ya ce nBuhu. Abu ɗaya, suna uku, kuma babu wanda zai yi ƙorafi lokacin harhaɗa kod. Sai dai adadin ya iso wayar ɗan kasuwa a matsayin sifili. Maganin bai wuce a rubuta adadinBuhu ba, a guji sunan da ya fara da ƙaramin harafi guda ɗaya sannan babba.

Gurbin e ko a'a ma yana da nasa tarkon. Ƙa'idar ta yarda a yi amfani da is maimakon get, amma ga boolean mai ƙaramin harafi kawai. Boolean mai babban harafi get yake so. Wanda kuma ya raɗa wa gurbin kansa isBiya ya bar Lombok, laburaren da ke rubuta wa mutum get da set, ya ƙera masa metod, zai sami isBiya da setBiya, sai JSON ya fita da biya alhali mai rubuta manhajar waya yana jiran isBiya. Duk lodin da aka biya sai ya fito a allo kamar bashi ne. Haka nan set da ke dawo da abin kansa domin a jera kira a layi ɗaya, java.beans ba ya ƙirga shi a matsayin set, ko da yake Jackson yana karɓa.

Wata 'yar magana a gefe: Java ta yarda a sa ƙ da ɗ da ɓ a sunan gurbi, amma gara a bar su a cikin bayanan da ake ajiyewa, sunaye a rubuta su da haruffa marasa lanƙwasa. Kafin JDK 18 na 2022, Java tana bin tsarin haruffan kwamfutar da take kai, kuma tsarin windows-1252 da ke kan Windows na Faransanci yana da é da ç amma ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Fayil ɗin da ya yi aiki a wata kwamfuta sai ya ƙi a wata.

Tambayar da ake tsallakewa

Kafin a rubuta layi ɗaya, akwai tambayar da ke raba hanya: wannan abin mai suna ne, ko ƙima ce kawai? Takardar jika ɗaya da ke aljihunka da wadda ke aljihun maƙwabcinka ɗaya suke, a musanya su babu wanda ya yi asara. Wannan ƙima ce. Mamban ƙungiya kuwa shi ne shi ko ya sauya lambar waya, ko ya tashi daga Garwa ya koma Njamena. Mutum biyu masu suna ɗaya a unguwa ɗaya kuma ba su zama mutum ɗaya ba. Wannan mai suna ne, yana da tarihi, yana sauyawa, ana gane shi da lambar shaida. Kusan duk sauran ƙa'idojin daga amsar wannan tambaya suke fitowa. Ƙima ba ta buƙatar set ko ɗaya, ana kwatanta ta da duk abin da ke cikinta. Mai suna yana sauyawa, ana kwatanta shi da lambarsa kaɗai. Yawancin wahalar da ake sha daga aji ɗaya take tasowa, wanda aka ɗora wa aikin biyun, aka ƙara masa da na ɗan aike tsakanin sabar da waya.

Mu ɗauki kuɗi, tunda a yankinmu nan ne abin ya fi tsami. Sabon shiga zai rubuta double farashi ya wuce. Double, nau'in lamba mai ɓarya, ba ya iya riƙe kashi ɗaya cikin goma daidai, shi ya sa 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Wani zai ce ai sefa ba ta da ɓarya, a tsarin sunayen kuɗi na ISO 4217 ma XAF, wato sefarmu, ba ta da lamba bayan ɗigo, don haka int, nau'in lamba maras ɓarya, ya wadatar. Int yana tsayawa ne a 2,147,483,647. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wannan iyaka ba ta kai yuro miliyan 3.3 ba. A ce, a misali, ƙungiya ta yi cinikin buhu 80,000 a kaka, kowane a kan sefa 30,000. Jimla 2,400,000,000 ke nan. Int ba zai yi kuka ba, zai zagayo ya ba da -1,894,967,296. Ko an ce a zuba amsar a long, wanda ya fi int ɗaukar babbar lamba, muddin adadi da farashi duk int ne, ninkin ya riga ya lalace kafin a zuba.

Sannan lamba tsirara ba ta faɗin ko ta mece ce. Sefar Kamaru da Chadi XAF ce ta bankin BEAC, ta Nijar XOF ce ta BCEAO. Darajarsu ɗaya a gaban yuro amma kuɗi biyu ne. Naira tana da kwabo, lamba biyu bayan ɗigo. Ga kuma ƙirgen kasuwa: wanda ya saba da dala idan ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, haka mai ƙirga riyal a kasuwannin Njamena, biyar-biyar yake tafiya. Gurbin da aka rubuta wa long farashi ba ya hana kowa zuba dala a inda ake jiran sefa. Abin da ke hanawa shi ne a ba kuɗi ajinsa:

```
public record Kudi(long adadi, Currency iri) {
    public Kudi {
        Objects.requireNonNull(iri);
        if (adadi < 0) throw new IllegalArgumentException("kasa da sifili");
    }
    public Kudi hada(Kudi wani) {
        if (!iri.equals(wani.iri)) throw new IllegalArgumentException("iri daban");
        return new Kudi(Math.addExact(adadi, wani.adadi), iri);
    }
    public static Kudi dagaDala(long dala) {
        return new Kudi(Math.multiplyExact(dala, 5L), Currency.getInstance("XAF"));
    }
}
```

A lura da abin da waɗannan 'yan layuka suka saya. Ba za a iya ƙera Kudi maras iri ba. Ba za a haɗa naira da sefa a ɓoye ba. Idan lissafi ya tumbatsa, addExact zai jefa kuskure a take maimakon ya ba da amsar ƙarya. Ninkin biyar na dala yana wuri ɗaya tak a duk manhajar, da suna mai faɗin abin da yake yi. Adadin kuma a mafi ƙanƙantar ɓarya ake ajiye shi, kwabo ga naira, sefa ga sefa. Mai son BigDecimal, ajin Java na lamba mai ɓarya, ya sani cewa equals ɗinsa, metod mai faɗin ko abu biyu ɗaya ne, yana ganin 2.0 da 2.00 daban, sai compareTo ne ke cewa ɗaya suke. Hana ƙasa da sifili kuwa zaɓi ne na wannan misali. Manhajar da ke lissafin riba da faɗuwa za ta so akasin haka.

Lambar waya rubutu ce, a ajiye ta a String. Ta Kamaru tana da lamba 9, ta Chadi 8. Da an liƙa 237 a gaban ta Kamaru ta zama 12 ta fi ƙarfin int, ta abokin ciniki na Najeriya kuma sifilinta na farko zai ɓace idan aka ɗauke ta a matsayin adadi. Ranar lodi LocalDate ce, lokacin da saƙo ya shiga Instant ne. Dukkansu sun zo da Java 8 a 2014 kuma ba sa sauyuwa, saɓanin tsohon Date.

Buhun da ya ɓace a cikin rumbu

A nan ya kamata a daɗe, domin kuskuren equals da hashCode shi ne wanda ke sa mutum ya fara zargin kwamfutar. Dokar gajera ce: abu biyu da equals ya ce ɗaya ne, wajibi hashCode ɗinsu, lambar da ake lissafowa daga kowane abu, ya zo daidai. HashMap da HashSet suna aiki kamar rumbu mai aljihuna, 16 a farko. Idan aka kawo abu, ana lissafa hashCode ɗinsa a san aljihun da zai shiga. Idan aka zo nema, ba a bin aljihunan ɗaya bayan ɗaya; ana sake lissafa lambar a nufi aljihun kai tsaye. Wanda ya rubuta equals ya manta hashCode, abubuwansa biyu masu kama ɗaya za su sami lamba daban, Set ɗin da aka yi don hana maimaici ya karɓi duka biyun.

Wanda ya rubuta duka biyun ma bai tsira ba, idan ya gina su a kan gurbin da ke sauyawa. Dubi wannan:

```
Set<Lodi> aHanya = new HashSet<>();
aHanya.add(lodi);
lodi.setBuhu(118);
aHanya.contains(lodi);
```

An loda buhu 120, a gadar Ngeli aka tarar biyu sun fashe, aka gyara adadin. Layi na ƙarshe zai ce false. Lodin yana nan a ciki, size zai ce ɗaya, idan aka zagaya jerin za a gan shi da ido, amma contains ba ya samunsa, remove ba ya cire shi, kuma add zai sake saka shi ya zama biyu. An ajiye shi da tsohuwar lamba, ana nemansa da sabuwa. Babu saƙon kuskure ko ɗaya. Motar ta isa ta sauke kaya, allon yana nan yana cewa tana hanya.

Lodi mai suna ne, don haka kamata ya yi equals da hashCode su dubi lambar shaidarsa kawai. To amma wace lamba? Idan rumbun bayanai ne ke bayar da ita lokacin ajiyewa, kafin ajiyewa null ce, wato babu komai, bayan ajiyewa ta zama 4012, an koma gidan jiya. Hanya mafi tsabta a ganina ita ce abin ya zo duniya da lambarsa: a ƙirƙiri UUID, doguwar lambar shaidar da kowace na'ura ke iya ƙerawa da kanta, a cikin magini. Wannan yana da wata riba ga wuraren da intanet ke zuwa yana ɗaukewa. Wakilin ƙungiya a kasuwar ƙauye zai iya rubuta lodi goma a wayarsa babu sabis, kowane da lambarsa mai bit 128, ya tura da yamma. Idan turawar ta katse aka maimaita, sabar za ta gane wanda ya riga ya shiga. Abin da ake biya shi ne lambar ta fi long girma ninki biyu, kuma ba a karanta wa mutum ita a waya, don haka akan ƙara wata gajerar lambar rasit domin bakin mutane.

Mai amfani da Hibernate ko wani mai bin ƙa'idar JPA, wato laburaren zuba abubuwa a rumbun bayanai, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ajin sai ya kasance da magini maras komai, kuma ba za a rufe shi da final mai hana gado ba, saboda laburaren yana ƙera masa ɗan wakili da ya gaje shi. Amma ƙa'idar ta yarda maginin ya zama protected, don haka ba lallai a buɗe wa kowa ƙofar ƙera lodi fanko ba. Saboda wannan ɗan wakilin ne kuma kwatanta getClass a cikin equals ke faɗuwa, a yi amfani da instanceof. Sannan a nisanci ɗora @Data na Lombok a kan irin wannan aji. Yana gina equals da hashCode da toString a kan duk gurabe. Idan Mamba yana riƙe da jerin lodinsa, kowane Lodi kuma yana nuna mai shi, toString na wannan zai kira na wancan, na wancan ya kira na wannan, har a sami StackOverflowError. Ko ba a kai nan ba, layi ɗaya na rubuta rahoto zai iya janyo dubban layuka daga rumbun bayanai.

Set na kowane gurbi ma ba dole ba ne ga mai suna. Tsakanin setAnBiya da setRanarBiya da setAdadinBiya akwai lokacin da abin ke tsaye da ƙafa ɗaya, kuma wani zai kira na farko ya manta sauran. Metod ɗaya mai suna karbiBiya, da ke karɓar kuɗi da rana ya duba su ya sauya ukun tare, ya toshe wannan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wata tsagar da private ba ya rufewa. Gurbi na iya zama private final amma ya riƙe List. Idan getLodi ya miƙa wannan jerin kansa, duk wanda ya karɓa zai iya goge shi fes. Haka idan magini ya ajiye jerin da aka ba shi ba tare da kwafa ba, wanda ya bayar yana riƙe da ɗaya bakin igiyar. List.copyOf, da ya zo a Java 10, yana yin kwafin da ba ya karɓar gyara. A kira shi a magini an gama da ɓangarorin biyu, sai dai a sani yana ƙin jerin da ke ɗauke da null, kuma jerin kawai ya daskarar, abubuwan da ke ciki idan masu sauyuwa ne suna nan yadda suke.

Abin da sababbin harsuna suka sauƙaƙa

Gajiya da rubuta layi hamsin domin gurbi huɗu ita ta haifi gajerun hanyoyi. Kotlin ya fito da data class tun sigarsa ta 1.0 a 2016, Python ya kawo dataclass a 3.7 a 2018, C# 9 ya kawo record a 2020, Java kuma ta gwada nata a siga ta 14 ta tabbatar da shi a ta 16 a 2021. Dukkansu suna rubuta maka kwatantawa da bugawa a rubuce. Kowanne yana da inda yake tuntuɓe. Record na Java ba ya gadon wani aji, ba a gadonsa, ba ya zama ajin JPA, kuma metod ɗinsa adadi ne ba getAdadi ba, don haka tsofaffin laburare ba sa ganinsa. Jackson sai daga 2.12 ya fahimce shi. Idan aka sa array a cikinsa, equals ba ya duba abin da ke cikin array ɗin. A Kotlin gurbin da aka rubuta a jikin ajin, ba a babban magini ba, ba ya shiga equals ko copy, kuma copy na sama-sama ne, jerin da ke ciki guda ɗaya ake rabawa. A Python nau'in da aka rubuta a gaban gurbi ado ne lokacin aiki, za ka iya zuba rubutu a inda aka ce int. Bincike sai a __post_init__. Dataclass da ba a ce masa frozen ba ba ya shiga set ko zama mabuɗin dict, wanda hikima ce idan aka tuna lodin da ya ɓace ɗazu.

Haramcin gado da record ya yi alheri ne. Da zarar ɗan aji ya ƙara gurbi a kan na uba, kwatantawa takan karkace: uba ya ce ɗaya muke, ɗa ya ce a'a. Java kanta tana da wannan tabon tsakanin Date da Timestamp. Ajin ƙima a rufe shi da final, abin da ake son rabawa a saka shi a matsayin gurbi.

Magini kuma shi ne wurin gyara rubutu sau ɗaya. Sunaye a nan suna zuwa da Faransanci da Hausa da Fulatanci da Larabci. Harafin é ana iya rubuta shi da alama ɗaya ta Unicode ko da biyu, e da alamar samansa; a ido ɗaya ne, a wurin String.equals daban ne. Normalizer da tsarin NFC yana daidaita su. Bambancin 'y da ƴ kuwa babu laburaren da zai yanke maka, sai ƙungiyar aikin ta zaɓi ɗaya ta rubuta shi a wuri ɗaya. Kuma raba suna gida biyu irin na fom ɗin ofis bai cika dacewa da mai sunan yanka da na uba da na kaka da laƙabi ba. Gurbin cikakken suna, da wani na sunan da aka fi sani, ya fi yi wa magatakarda amfani.

A bakin iyaka

Abin da ke fita daga sabar zuwa waya ya cancanci ajinsa daban, wanda ake kira DTO, ɗan aike ne da ba ya yin komai sai ɗaukar saƙo. Mutane na ƙin wannan saboda kamar maimaici ne. Amma idan ajin Mamba na rumbun bayanai shi ne ke karɓar JSON kai tsaye, kuma yana da setMatsayi, duk wanda ya ƙara matsayi a saƙonsa ya naɗa kansa ma'aji. A ɗaya ɓangaren, sabon gurbin da aka ƙara domin aikin cikin gida zai bi saƙo ya fita waje ba da sanin kowa ba. Ɗan aike mai gurbi biyar abin da aka lissafa masa kawai yake ɗauka, kuma record ya dace da shi sarai. A tuna da toString ma: wanda aka ƙera kai tsaye yana buga komai, har lambar sirri da lambar waya, cikin fayil ɗin rahoto.

Ɗan aike yana daɗewa fiye da yadda ake zato, domin wayoyin da ke hannun mutane ba sa sabunta manhaja rana ɗaya. Wanda ke sayen data da ƙyar ba zai ƙona ta a kan sabuntawa ba. Don haka a ƙara gurbi, kada a sauya sunan tsoho ko ma'anarsa. ObjectMapper na Jackson 2 a saitin asali yana faɗuwa idan ya ga gurbin da bai sani ba, sai an kashe FAIL_ON_UNKNOWN_PROPERTIES. Gurbin da tsohuwar waya ba ta turo ba, idan int ne zai zama 0, idan Integer ne zai zama null, kuma akwai tazara tsakanin ba a faɗi ragi ba da ragi sifili ne. Lambobi da ranaku su tafi da tsari ɗaya, rana da ISO 8601 kamar 2024-03-05, domin 05/03 a Garwa biyar ga Maris ne, a Amurka uku ga Mayu. String.format a kwamfutar da ke kan Faransanci yana rubuta 12,5 da waƙafi, wanda Double.parseDouble zai ƙi karɓa.

Serializable, sharaɗi na ƙarshe na JavaBeans, kada a liƙa shi don al'ada. Lokacin warware abin da aka naɗe, Java ba ta bi ta maginin ajin, don haka duk binciken da aka sa a can an tsallake shi. Record kuwa ta magininsa ake sake gina shi. Idan kuma ba a rubuta serialVersionUID da hannu ba, ƙara gurbi ɗaya ya isa ya sa tsofaffin fayiloli su ƙi buɗuwa da InvalidClassException. Gson ma yana iya ƙera abu ba tare da kiran magini ba idan bai sami maras komai ba, shi ya sa ake ganin null a gurbin Kotlin da aka rantse ba ya ɗaukar null.

Masu manhajar Android suna da ƙarin tarko guda. R8, mai matse manhaja kafin a sake ta, yana gajarta sunayen gurabe, adadinBuhu ya koma a, farashi ya koma b. Gson da ke dogara da sunan gurbi sai ya nemi a da b a cikin JSON ya rasa. A sigar gwaji komai lafiya, tunda ba a matse ta. Sigar da aka raba wa wakilai ce ke nuna allo fanko. Ana magance shi da @SerializedName a kan kowane gurbi tare da dokar keep ga ajujuwan 'yan aike. Gwajin da ke kama rikicin sunaye bai fi layi goma ba: a ƙera abu, a mayar da shi JSON, a kwatanta rubutun da wanda aka adana a fayil tun sigar farko, a dawo da shi abu, a tabbatar equals ya ce ɗaya ne da na asali. Na R8 kuwa sai an gudanar da wannan gwajin a kan sigar da aka matse, a kan waya ta gaske.